Lemon Kwalba da Katin Talaka: Taƙaddamar da Ta Sauka a Kantunan Amurka

Sabuwar shekarar 2026 ta zo wa masu karɓar tallafin abinci a jihar Indiana ta Amurka da wani sauyi da ba a ganinsa a ko'ina sai a bakin teburin biyan kuɗi na kanti. A ɗauki misalin uwa da ta turo kwandon cefanenta: burodi, madara, ƙwai, shinkafa, cinyoyin kaza, sai babbar robar lemo da cakulan guda biyu da ta ɗauko wa yara, ɗaya Twix ɗaya Snickers. Mai karɓar kuɗi ta bi kayan da na'ura ɗaya bayan ɗaya, uwar ta zura katinta ta danna lambobin sirri. Katin ya biya burodi da madara da kaza, ya biya Twix, amma ya tsallake lemon da Snickers. Cikon kuɗin ya fito a allo. Ko dai ta laluba jaka ta cika daga aljihunta, ko ta ce a mayar da su, ga jama'a kuma sun yi layi a bayanta suna jira.

Abin da ya raba cakulan biyun nan fulawa ce. Indiana ta ɗauko ma'anar alawa ne daga dokarta ta harajin sayayya, wadda ta ce duk kayan zaƙin da aka sa wa fulawa ba alawa ba ne. Twix yana da biskit a ciki, Kit Kat ma haka, saboda haka sun tsira. Snickers gyaɗa ce da cakulan da narkakken sukari, sai ya faɗa cikin haramci. Ta fuskar sukari babu wani bambancin kirki tsakaninsu, amma na'urar kanti ba ta san wannan ba, abin da aka loda mata kawai take bi.

Shirin da ake wannan dambarwa a kansa sunansa SNAP, kuma shi ne ginshiƙin yaƙi da yunwa a Amurka. A 2024 mutum kusan miliyan 42 ne suka ci moriyarsa, wato kamar mutum ɗaya cikin kowane takwas, kuma ya laƙume wa gwamnatin tarayya kusan dala biliyan 100 a shekarar. Idan aka raba, kowane mutum ya samu kimanin dala 187 a wata, dala shida kenan da 'yan kai a rana, kuɗin da bai cika sayen faranti ɗaya a gidan abinci mai araha ba. Kusan kashi biyu cikin uku na masu amfana yara ne da tsofaffi da masu naƙasa. Ana zuba kuɗin duk wata a wani kati da ake kira EBT mai kama da katin banki, kuma kantuna fiye da 250,000 ke karɓarsa, tun daga manyan kantunan Walmart har zuwa 'yan shagunan 'yan Afirka ta Yamma da ke unguwar Bronx a New York, inda ake sayar da manja da garin rogo da busasshen kifi.

Tun asali akwai abubuwan da katin ba ya saya: giya, taba, sabulu, magunguna, abincin dabbobin gida da dafaffen abinci mai zafi. Ban da waɗannan, duk abin da ɗan Adam ke ci ko sha ya halatta, har da irin shuka ga mai ɗan lambu a bayan gida. A kan wannan ƙa'ida aka shafe shekaru sittin.

Sai dai maganar lemo ba yau ta fara ba. An fara gwada tallafin ne a watan Mayun 1939 a garin Rochester, lokacin da manoma ke da rarar amfanin gona su kuma mutanen birni na kwana da yunwa. Mutum zai sayi takardu masu launin ruwan lemo na dala ɗaya, a ƙara masa shuɗaye na rabin dala, waɗanda ba sa sayen komai sai abincin da gwamnati ta ce ya yi yawa a kasuwa. Shirin ya tsaya a 1943, Shugaba John F. Kennedy ya farfaɗo da shi a matsayin gwaji a 1961, Shugaba Lyndon Johnson kuma ya sa hannu ya zama doka a 1964. A wancan lokacin ma Majalisar Wakilai ta so a cire lemon kwalba daga cikin abin da za a iya saya, Majalisar Dattawa ta ce tantance shi a aikace zai yi wuya ainun, aka bar shi a ciki.

Daga baya jihohi sun yi ta ƙwanƙwasa ƙofa. Minnesota ta nemi izinin hana lemo da alawa a 2004, Ma'aikatar Noma, wadda ke kula da shirin, ta ƙi. A 2010 magajin garin New York Michael Bloomberg ya nemi a bar shi ya gwada na shekara biyu, a watan Agustan 2011 aka mayar masa da amsa cewa gwajin ya yi girma, ya yi sarƙaƙiya, kuma babu sahihiyar hanyar auna tasirinsa. Gwamnan Maine Paul LePage ya nema a zamanin Obama aka hana shi, ya sake nema a wa'adin farko na Donald Trump, a 2018 aka sake hana shi. Gwamnatocin jam'iyyun biyu sun yi ta ba da amsa iri ɗaya.

A 2025 ne iska ta juya. Robert F. Kennedy Jr. ya zama sakataren lafiya ɗauke da gangamin da ake wa laƙabi da MAHA, mai kiran a dawo wa Amurka da lafiyarta, ya kuma samu abokiyar tafiya a sakatariyar noma Brooke Rollins. Maimakon jihohi su yi ta roƙo, sai Washington ce ta koma kiran gwamnoni su kawo buƙatunsu. Ranar 19 ga Mayu Rollins ta sa wa Nebraska hannu a kan izini na farko a tarihin shirin, wanda ya hana lemo da abin sha mai ƙara kuzari. Cikin 'yan kwanaki Indiana da Iowa suka biyo baya, a watan Yuni Arkansas da Idaho da Utah, a Agusta wasu shida da suka haɗa da Texas da Florida. Kafin shekarar ta ƙare jihohi 18 sun samu izini. Mafi yawansu na hannun 'yan Republican ne, amma har da Colorado da Hawaii masu gwamnoni 'yan Democrat. Biyar daga ciki, wato Indiana, Iowa, Nebraska, Utah da West Virginia, su ne suka fara aiwatarwa ranar 1 ga Janairun 2026, abin da ya shafi mutum kimanin miliyan 1.4.

Masu goyon bayan matakin suna da hujja mai nauyi, kuma duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon sukari ba zai raina ta ba. Gwangwanin Coca-Cola ɗaya mai cin mililita 355 yana ɗauke da giram 39 na sukari. Idan aka zube shi a faranti, cokalin shayi kusan goma ne, tudun da babu uwar da za ta miƙa wa ɗanta ta ce ya lashe. Amma da yake a narke yake cikin ruwan sanyi mai gas, yaro kan shanye shi a tsaye cikin minti biyu, cikinsa kuma bai san ya ci komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa kada sukarin da ake ƙara wa abinci ya wuce kimanin giram 50 a rana ga baligi, ta ce in an rage zuwa 25 ya fi. Gwangwani ɗaya ya wuce na biyun, ya kusa cinye na farkon. A ƙasar da mutum fiye da miliyan 38 ke fama da ciwon sukari, kuma manya huɗu cikin goma ke da ƙiba mai yawa, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Daga nan sai su kawo lissafi. A 2016 Ma'aikatar Noma ta fitar da wani bincike da aka yi a kan rasitan wani babban kamfanin kantuna na shekarar 2011. An gano cewa a cikin kowace dala da gidajen masu SNAP suka kashe, kimanin santi 20 na tafiya ne a abin sha mai zaƙi, kayan maƙulashe, alawa da sukari. Abin sha mai zaƙi kaɗai ya ci kashi 9.3 cikin ɗari, kuma lemon kwalba shi ne ya zo na ɗaya a jerin kayan da aka fi kashe wa kuɗi. Tambayar Kennedy da gwamnonin ita ce: don me gwamnati za ta biya kuɗin lemon da hannun dama, sannan ta biya kuɗin wankin ƙoda da hannun hagu ta shirin Medicaid na jinyar marasa galihu? Suna kuma nuni da shirin WIC na mata masu ciki da masu shayarwa da ƙananan yara, wanda tun shekarun 1970 yake da jerin abin da ake iya saya, kamar madara, ƙwai, wake da hatsi, ba a kuma ce an wulaƙanta kowa ba.

Akwai kuma batun wanda ke cin riba. Biliyoyin dalolin SNAP suna ƙarewa ne a asusun kamfanonin lemo, kuma ƙungiyarsu ta daɗe tana yaƙar duk wani yunƙuri na taɓa wannan kasuwa. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa tsakanin 2011 da 2015 Coca-Cola da PepsiCo sun ba ƙungiyoyin lafiya 96 na ƙasar tallafin kuɗi. Masu sukar wannan alaƙa na ganin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, shi ya sa muryoyin da ya kamata su ɗaga tun tuni suka yi sanyi.

To amma binciken nan na 2016 yana da shafi na biyu wanda ba a cika karantawa a wajen gangami ba. Gidajen da ba sa karɓar tallafin su ma sun kashe kashi 7.1 cikin ɗari a abin sha mai zaƙi, kuma idan aka haɗa kayan kwalama gaba ɗaya, su ma kusan santi 20 ɗin suke kashewa a kowace dala. Lemon da ya zo na ɗaya a kwandon talaka shi ne na biyu a kwandon sauran jama'a, madara ce kawai ta sha gabansa. Ashe kwandon mai kati da na mai kuɗi kusan ɗaya ne. Cutar ta cin abincin Amurka ce baki ɗaya, amma maganin da aka rubuta talaka kaɗai aka ce ya sha.

Sannan akwai tambayar da masana tattalin arziki ke yawan yi: hanin zai rage shan lemon kuwa? SNAP ciko ne, ba a tsara shi don ya ɗauke dukan cefanen gida ba. Tsarin lissafinsa ya ɗauka cewa iyali za su kashe kashi 30 cikin ɗari na ragowar kuɗin shigarsu a kan abinci, kuma binciken ma'aikatar kanta ya nuna mafi yawan kuɗin katin na ƙarewa ne cikin makonni biyun farko na wata. Saboda haka gidaje da yawa dama da kati da kuɗin aljihu suke cefane. Uwar nan ta Indiana za ta iya sa shinkafa duka a kan kati, ta sayi lemon da dala biyun da da shinkafar za ta ci. An sauya aljihun da kuɗin ya fito, lemon kuwa ya isa gida. Wanda hanin zai kama da gaske shi ne wanda ba shi da ko sisi ban da katin, wato mafi talauci a cikin talakawa.

Ga kuma ruɗanin da ke tattare da jerin kayan. Kowace jiha da nata. Utah da West Virginia lemo kawai suka hana. Nebraska ta ƙara da abin sha mai ƙara kuzari. Iowa ta fi kowa faɗaɗawa, ta ce duk abincin da dokarta ke ɗora wa harajin sayayya ya fita daga katin, abin da ya jawo wa masu saye da masu sayarwa ciwon kai wajen gane me ya shiga me ya fita. Texas ta tsara nata daga 1 ga Afrilun 2026, inda ta auna da giram: abin shan da aka ƙara wa sukari giram biyar ko fiye, ko aka sa masa zaƙin roba, ya haramta. Mazaunin Omaha a Nebraska da na Council Bluffs a Iowa kogin Missouri ne kawai ya raba su, amma dokokin kantunansu sun sha bamban. Babban kanti yana da injiniyoyin kwamfuta da za su sabunta masa na'ura. Mai ɗan shago a ƙauye ko a lungun birni shi ne zai tsaya yana karanta bayan kwalba yana ware kaya da hannu, yana kuma tsoron kada kuskure ya jawo a ƙwace masa lasisin karɓar katin. Ƙungiyoyin masu kantuna sun ƙiyasta cewa sauyin zai ci musu dala biliyan 1.6 a karon farko. Idan ƙaramin shago ya gaji ya daina karɓar katin, unguwa ta rasa wurin sayen madara kenan, ba lemo kaɗai ba.

Abin da ba ya shiga lissafi shi ne kunya. A zamanin takardu, kowa a layi na ganin wanda ya zaro su. Ɗaya daga cikin alfanun da aka samu da aka kammala komawa kati a 2004 shi ne mai tallafi ya saje da kowa, ya biya ya wuce, asirinsa a rufe. Yanzu allon na'ura ya dawo da tonon, a gaban yara kuma. Ƙungiyoyin yaƙi da yunwa irin su FRAC sun daɗe suna gargaɗin cewa irin wannan kan sa tsofaffi musamman su haƙura da haƙƙinsu, su gwammace yunwa da a kalle su.

Mai karatu na ƙasar Hausa ba baƙo ba ne ga tushen wannan muhawara. Duk ƙarshen azumi sai an tayar da zancen zakkar kono: malaman Malikiyya na cewa a fitar da ita daga abincin da mutanen gari suka fi ci, Hanafiyya kuma sun yarda a ba da kuɗi, saboda mabuƙaci ya fi kowa sanin inda ɗakinsa ke yoyo. Ko mai bayarwa na da ikon zaɓa wa mai karɓa, tsohuwar tambaya ce, kuma mutanen kirki sun tsaya a ɓangarorin biyu. Nijeriya ita ma ta taɓa lemon, amma ta wata ƙofar: dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari. Komai ƙanƙantarsa, harajin bai tambayi mai saye ko attajiri ne ko ɗan dako ba. Birtaniya ta bi irin wannan hanya a 2018 ta hanyar ɗora wa kamfanonin haraji gwargwadon yawan sukarin da ke cikin lemonsu, sai da yawansu suka rage sukarin tun daga masana'anta. A Amurka birane ƙalilan ne, irin su Berkeley da Philadelphia, suka iya kafa harajin.

Wani abin takaici shi ne Amurka ta riga ta gwada wata hanya a cikin SNAP ɗin kansa, ta kuma ga amfaninta. Tsakanin 2011 da 2012, a gundumar Hampden ta jihar Massachusetts, an zaɓi wasu gidaje ta hanyar ƙuri'a aka ce duk dalar da suka kashe a 'ya'yan itatuwa da kayan lambu za a mayar musu da santi 30 a kati. Da aka auna, sun ci waɗannan kayan fiye da sauran gidajen da kashi 26 cikin ɗari. A Detroit kuwa tun 2009 aka fara wani shiri a kasuwannin manoma da ke ninka wa mai kati kuɗinsa idan kayan lambu zai saya, ya bazu zuwa jihohi da dama. Darasin a fili yake: mutane ba ƙin alayyafo da tuffa suke yi ba, tsadarsu ce ke korarsu, ga saurin lalacewa, ga unguwanni da yawa da babu inda ake sayar da su kusa. Cire lemo daga kati bai sa ko kabeji ɗaya a kwando ba.

Kuma hanin ya zo ne a shekarar da aka yi wa shirin yankan da bai taɓa gani ba. Dokar haraji da kashe kuɗi da Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 za ta rage wa SNAP kimanin dala biliyan 186 cikin shekara goma, a ƙiyasin ofishin kasafin kuɗi na majalisa. Ta ɗaga shekarun waɗanda dole su nuna suna aiki zuwa 64, ta cire 'yan gudun hijirar da ba su samu takardar zama ta dindindin ba, ta kuma soke kuɗin SNAP-Ed, reshen da ke koya wa iyalai girki da zaɓen abinci mai gina jiki da kuɗi kaɗan. Wuya ne a gamsar da uwa cewa lafiyar ɗanta ake nema a ranar da aka rufe ajin da ake koya mata yadda za ta ciyar da shi. A watan Nuwamba kuma, lokacin rufewar gwamnati ta kwana 43, miliyoyin mutane suka wayi gari ba a zuba musu kuɗin watan a kan lokaci ba, layuka suka miƙe a rumbunan rabon abinci na sadaka.

Izinin da aka ba jihohin na gwaji ne na shekara biyu, da damar a tsawaita, kuma an ɗora wa kowace jiha ta auna abin da ya biyo baya. A nan ne ya kamata a zuba ido. Rasitan katin kaɗai za su nuna sayen lemo ya faɗi ƙasa warwas, tunda katin ba ya biya, amma hakan bai faɗi komai ba game da abin da ke shiga cikin yara. Sai an bi kuɗin aljihu, an ƙirga shagunan da suka fice daga shirin, an kuma duba ko akwai waɗanda suka daina zuwa neman tallafin.

A cikin buƙatar da gwamnar Arkansas Sarah Huckabee Sanders ta aika a watan Afrilun 2025 akwai wani saƙo da bai samu yawan magana ba. Bayan neman hana lemo da alawa, ta roƙi a bar masu kati su riƙa sayen gasasshiyar kaza mai zafi, irin wadda ake jerawa a bayan gilashi a manyan kantuna kan 'yan daloli. Dokar tarayya ta daɗe da hana dafaffen abinci mai zafi, ko da kuwa shi ne mafi araha da gina jiki a kantin. Matar da ta tashi daga aiki da daddare, ko tsohon da hannunsa ke rawa ba ya iya tsayawa gaban murhu, katinsu ba ya sayen kazar nan muddin tana tururi. Idan ma'aikatan kantin suka kwashe wadda ta yi saura suka sa a firji ta huce, washegari katin zai biya.